Ranar da Na Rushe Watandar Alhaji

Shekarar da ruwa ya ci garin nan namu na Borno, ina aiki a wata cibiyar ɗaukar hoton jiki a unguwar Dala. Ni ba likita ba ce, ko allura ban iya ba. Kwamfutoci nake kula da su, a wani ɗan ɗaki marar taga da ke bayan ɗakin hoto. A gidanmu na Lamisula babu wanda ya san takamaiman abin da nake yi. Umma cewa take yi aikin asibiti nake, tana ta turo mini maƙwabta masu ciwon gwiwa. Yayana kuwa, wanda ya koma noman shinkafa a Zabarmari tun bayan rasuwar Baba, injiniyar waya yake ce mini, don kawai ya ga na kumbura. Kuma ina kumburar, wallahi, bai taɓa faɗa na ƙyale shi ba.

Duk aikin cibiyar a kan babbar kwamfuta ɗaya yake, wadda muke kira sabar. Doguwa ce, a tsaye take a ƙarƙashin teburina. A cikinta akwai furosesa biyu, wato abin da ke yin lissafin, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Kowane furosesa yana da ƙananan ma'aikata takwas a cikinsa, ni hannaye nake ce musu. Kowanne kuma yana da jerin ramukansa a gefe, inda ake soka sandunan memori, nan yake ajiye abin da yake aiki a kai. Na sama zai iya miƙa hannu ya ɗauki abu a memorin na ƙasa, na ƙasa ma haka, amma sai sun bi ta wata siririyar gada da ke tsakaninsu, kuma bin gadar nan ɓata lokaci ne. Shi ya sa duk mai hankali yake zaunar da aiki kusa da memorinsa.

A cikin wannan sabar guda muka yanka kwamfutoci huɗu waɗanda ba a ganinsu da ido, sai dai a allo. A wajen aikinmu baƙi ake ce musu, ita sabar kuma mai masauki. Akwai baƙon masu karɓar marasa lafiya, da na ɗakin gwajin jini, da na ofis. Na huɗun shi ne babba, baƙon hoto. Idan na'ura ta zagaya kan mutum ta ɗauko shi yanka-yanka, wannan baƙon ne yake haɗa yankan ya zama hoton da likita zai iya dubawa. Kafin ruwa, na ba shi furosesan ƙasa ɗungurungum da duk memorin da ke gefensa, sauran ukun na tara su a sama. Hoton kai kafin ka gama shan ruwa ya fito.

Sai ruwa ya zo. Mu a Lamisula da kayan jikinmu muka fita, Yaya ya goya Umma, ni ina riƙe da ledar magungunanta a ka. A Dala abin bai kai haka ba, ruwan ya tsaya a gwiwa. Na'urar hoto a kan dandamalin siminti take, ta tsira. Sabar tawa da ke zaune a ƙasa ta sha ruwa har rabi, daidai furosesan ƙasa da ramukansa.

Da ruwa ya janye na je na buɗe ta, na zare sandunan memori duka, ina kuka ina goge laka da gefen mayafina. Yaya ne ya raka ni. Ya tsaya yana kallona, can ya fita, sai ga shi ya dawo da buhun shinkafa a kafaɗa, cikin ɗan abin da ya tsira masa a wani ɗakin sama. Ya kwance bakin buhun, ya karɓi sandunan ɗaya bayan ɗaya yana cusa su ciki kamar mai dasa iri.

Ya ce, "Injiniyar waya, duk bokonki sai shinkafata ta yi miki magani."

Na ce, "Allah ya shirye ka, Yaya. Idan tsakuwa ta karce mini su, kai za ka biya."

Ya ce shinkafarsa ba ta da tsakuwa, in je in tambaya har bakin kasuwa.

Daga nan na yi makonni ban leƙa aiki ba. Bangon ɗakin Umma ya zube, muna raɓe a gidan wata 'yar uwa, ga Umma ta kwanta zazzaɓi. Mai cibiyar, wani Alhaji ɗan Kano da ya yi arzikinsa a fataucin atamfa kafin ya shiga harkar lafiya, bai iya jira ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya kirawo wani mai gyara daga Kano. Mutumin ya duba ramukan ƙasa ya ga sun yi kore, tsatsa ta kama su, sai ya ƙi amfani da su. Ya cika ramukan sama, ragowar sandunan ya mayar cikin buhu. Sabar ta tashi da rabin memorinta, duk a gefe guda, furosesan ƙasa kuma ya zauna da hannaye takwas babu ko sanda ɗaya kusa da shi.

Ana tashinta rigima ta tashi. Shugabar ɗakin gwaji, wata mata 'yar kudancin Borno mai baki kamar nawa, ta ce nata ne ya fi nauyi. Masu karɓar marasa lafiya suka ce ƙarya ne, nasu ne. Ofis suka ce su an manta da su. Alhaji mutum ne da ba ya son a ce ya fifita wani a kan wani. Duk sallah shi yake haɗa mana watanda, a yanka sa a kasa shi kashi-kashi, kowane kaso da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan hantarsa, yana tsaye a kai da kansa har a gama. To, haka ya sa aka yi wa sabar. Kowane baƙo hannu huɗu, biyu daga sama biyu daga ƙasa, memori kuma a raba huɗu daidai wa daida. Baƙon hoto, da yake haɗa kan ɗan Adam, aka ba shi kaso ɗaya da baƙon da ke buga sunayen masu jiran layi.

Ranar da na dawo na ga wannan aika-aikar, har ofishinsa na bi shi. Na ce, "Alhaji, wannan fa ba nama ba ne!"

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, tun da na raba, kin ƙara jin wani ya yi ƙorafi?"

Ban ji ba kam. Kowa nasa yana jan ƙafa, amma tunda na maƙwabcinsa ma yana ja, sai kowa ya yi shiru. Ya kuma ja mini kunne a kan abu ɗaya. Manhajar da ke haɗa hoto tana da makulli. Duk sanda ta tashi sai ta ƙirga furosesa nawa take gani, idan ta ga sun canza daga abin da ta sani, sai ta ɗauka an sace ta an kai wata kwamfutar, ta kulle kanta. Ta yi musu haka lokacin gyaran, aka sha wuya da roƙo a waya kafin masu ita daga ƙasar waje su buɗe, kuma sun buɗe ta ne a kan furosesa biyu. Alhaji ya ce kada in kuskura in taɓa komai sai sabbin kaya sun iso. Hotunan ƙirji da na karaya suna fita a hankali, mutane suna haƙuri. Ba a kawo mana hoton kai ba tun da aka sake buɗewa, sai ranar da aka kawo Yaya.

Da safe ne ya faɗo daga saman motar da ta ɗauko ragowar shinkafar mutane daga Zabarmari. Igiya ta tsinke. Waɗanda suke tare da shi sun ce ya tashi da kansa, ya karkaɗe riga, har ya zagi direba. Ya iso gida ya ci ɗumame, ya ce wa Umma kansa ne kawai yake sara, bari ya ɗan kishingiɗa. Da aka kira azahar Umma ta tashe shi bai tashi ba. Ta yayyafa masa ruwa. Sai wani irin minshari da ba ta taɓa jin ya yi ba.

A asibitin da aka kai shi, wani matashin likita ya haska idanunsa ya ce jini ne yake taruwa a cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Ya ce yana zargin ɓangaren hagu ne, amma ba zai huda kan mutum a kan zargi ba. Babban likitan da ya saba wannan aikin ba ya gari. Ya yarda zai tsaya a waya ya nuna masa inda zai huda, amma sai ya ga hoto. Na'urorin da suka sani duk ruwa ya kashe su, tamu ce kaɗai aka ce tana motsi. Ina zaune ina cin gyaɗa aka turo gado ta gaban ƙofata, na ga ƙafa da kaushin da na sani tun ina yarinya, na ga Umma a baya babu takalmi.

Mai ɗaukar hotonmu dattijon Babarbare ne, ba ya gaggawa ko gobara ake yi, amma ranar da gudu ya tarbi gadon. Na'ura ta zagaya kan Yaya ta gama nan da nan. Likitan ya ce a mayar da shi asibiti a shirya shi, da hoto ya fito in ɗauka a waya in turo. Ya riƙe hannun gadon ya dube ni ya ce, "Hajiya, baƙin ido ɗaya ne ya faɗaɗa yanzu, alamar jinin yana ƙara danne ƙwaƙwalwa. Kada ki bari na biyun ya bi shi." Suka fita da shi, Umma tana bin gadon tana kiran sunansa.

Na koma ɗakina na zauna gaban allo. Akwai wani ɗan layi kore da ke tafiya daga hagu zuwa dama idan ana haɗa hoto. Da can ko kallonsa ba na yi. Ranar na zuba masa ido, ya ɗan motsa, ya tsaya. Na buɗe wajen da ake ganin cikin sabar. Innalillahi! Memorin baƙon hoto ya cika maƙil tun da farko, sai zuba ragowar aikin yake a faifai yana kwasowa, faifai kuwa tafiyar kunkuru yake idan aka gwada shi da memori. Hannayensa biyu na ƙasa duk abin da suke so sai sun haura gada sun ɗauko, biyun sama kuma suna zaune suna jiransu. A gefe ga baƙon ofis yana riƙe da kasonsa cif, babu abin da yake yi, ma'aikacin ofis ɗin ma ya tafi cin abinci.

Na ce wa kaina a yi haƙuri, zai tafi. Na tashi na karkato fanka na saita ta a jikin sabar, don na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun ruwa. Na zauna. Na tashi. Layin ya ɗan ƙara gaba kamar faɗin farce. Na auna abin da ya ci da abin da ya rage, na ga idan aka bar shi haka, sai an yi magariba an watse bai gama ba.

Wayata ta yi ƙara, Umma ce.

"Sun aske masa kai tas. Sun sa masa wata riga. To, me ake jira kuma?"

Na ce, "Ni ake jira, Umma."

Can ta ce, "To, ki yi sauri mana, 'yar nan," kamar dai na tsaya shafa hoda ne. Na kashe wayar na kifa kaina a tebur, na yi wani irin kuka da ban san ina da shi ba. Wallahi a lokacin na tsani aikin nan, na tsani ranar da na fara koyonsa.

Buhun Yaya yana nan jingine a kusurwa. Na je na zura hannu har gwiwar hannu na lalubo ragowar sandunan, sun bushe ƙayau, ƙurar shinkafa a jikinsu. Na cire murfin gefen sabar na haska ramukan ƙasa da fitilar waya. Kore shar, wani ma da busasshiyar laka a ciki. Idan na soka su a nan na kunna, wuta za ta iya haɗuwa ta ƙone komai, har da yankan kan Yaya da ke cikin faifai. Na daɗe a durƙushe da su a hannu, sannan na mayar da su cikin shinkafa.

Hanya ɗaya ta rage, kuma na san ta tun ranar da na ga watandar. In kashe sauran baƙin uku in kwashe memorinsu. In kashe baƙon hoto shi ma, don ba a canza masa siffa yana farke. In ɗauke shi gaba ɗaya in zaunar da shi a furosesan sama, kusa da memori, hannaye takwas duka nasa. Amma kashe shi yana nufin abin da layin ya ci, wanda ya kusa rabi a lokacin, ya tafi a banza, a faro daga farko. Kuma idan makullin nan ya ji an taɓa shi ya rufe, shi ke nan, babu rabi babu kwata.

Na leƙa ɗakin gwaji. Shugabar tana tsaye da kwalaben jini a gabanta. Ban ma gama bayani ba ta ɗaga mini hannu.

"Kashe nawa. Da biro muka koyi aikin nan, da biro za mu yi yau. Ke dai je ki."

Ita ce fa wadda ta fi kowa ɗaga murya a kan kasonta. Na kashe nata, na kashe na ofis, na kashe na masu karɓar marasa lafiya ba tare da na tambaye su ba. Su ne suka ruga suka gaya wa Alhaji allonsu ya mutu.

Ya shigo da carbi a hannu, babbar rigarsa ta cika ɗan ɗakin. Ya riga ya ji labarin Yaya, fuskarsa ta nuna. Ya ce, "Sannu, 'yata. Allah ya ba shi lafiya. Amma me kike shirin yi wa na hoton?"

Na gaya masa. Na ce manhajar furosesa take ƙirgawa, ba hannaye ba. Ta san biyu, to biyu zan nuna mata. Zan ce mata tana da furosesa biyu kowanne da hannu huɗu, alhali duka takwas ɗin na furosesan sama ne shi kaɗai. Ita mai masaukin kuma ta koma furosesan ƙasa da 'yan hidimominta, ta bar wa baƙo ɗakin, yadda ake yi a kowane gida idan babban baƙo ya sauka.

Ya ce, "Kin taɓa gwadawa?"

"A'a."

"Kin tabbata hannaye ba sa cikin abin da take ƙirgawa?"

"Haka na karanta."

"Karantawa kika yi." Ya ja carbinsa. "Yanzu yana tafiya ko ba ya tafiya?"

"Yana tafiya, Alhaji, amma tafiyar da za ta iso bayan an binne shi!"

Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ga mai ɗaukar hoto ya leƙo. Alhaji bai yi fushi ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce, "Idan ta kulle, ba yayanki kaɗai ba ne. Duk wanda za a ɗauko gobe da jibi da fasasshen kai, ina za a kai shi? Ke za ki fita ki gaya wa uwarsa?"

Gaskiya ya faɗa. Na dubi layin kore, na dubi buhun da ke kusurwa. Wayata ta sake yin ƙara, lambar likitan ce, ban ɗauka ba don na san ba albishir zai yi mini ba. Alhaji yana cikin cewa mu kira mutumin Kano mu ji shawararsa, na danna. Layin ya ɓace, allo ya yi baƙi.

Ya ce, "La'ilaha illallahu."

Na buɗe bayanin baƙon, inda ake rubuta siffarsa. Ina buga harafi ina gogewa. Furosesa biyu, na bar shi yadda yake, ko numfashi ban yi a kansa ba. Hannaye, na mayar da su huɗu-huɗu. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaure kowanne a kan hannun furosesan sama, na farko a na farko, na biyu a na biyu, har takwas, don kada wani ya zame ya gangara ƙasa. Memori na tattara masa kusan duka, na rage wa mai masauki ɗan abin da za ta rayu da shi, na kuma rubuta cewa daga gefen sama kaɗai za a ɗebo, kada a ba shi ko ƙwaya ta hanyar gada. Na karanta abin da na rubuta, na sake karantawa. Na ga na tsallake hannu na shida, na ɗaure biyu a wuri ɗaya. Na gyara ina zagin kaina a fili, Alhaji yana tsaye a bayana yana ji.

Na ce bismillah na tashe shi.

Kai, ban taɓa sanin kwamfuta tana daɗewa haka kafin ta farka ba. Aka kira la'asar a masallacin bayanmu, babu wanda ya motsa. Mai ɗaukar hoto ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa yana salati ƙasa-ƙasa. Allo ya kawo haske. Na buɗe manhajar, ta nuna wani ɗan zobe yana juyawa, alamar tana ƙirga abin da take gani. Ya juya, ya juya. Na ji ƙwayoyin carbin Alhaji sun daina ƙara. Na rufe idona na ce ya Allah, ba don halina ba, don Umma.

Dattijon ne ya taɓa kujerata ya ce, "'Yar nan, buɗe ido. Kalewa, lafiya lau."

Manhajar ta buɗe, ba ta kulle ba. Na loda yankan kan Yaya daga farko. Layin kore ya taso, ya wuce inda ya tsaya ɗazu ko waiwaye bai yi ba, fankokin cikin sabar suka ɗauki kuka kamar za ta tashi sama. Kafin in goge fuskata hoton ya fara bayyana, yanka bayan yanka, daga saman kai zuwa ƙasa.

Na shekara da shekaru ina ganin hotunan kawunan mutane suna wucewa ta allona, ban taɓa ɗaukar kaina mai karanta su ba. Amma wannan ko Umma aka nuna wa za ta gane. Wani farin abu ne kwance a ɓangaren hagu, mai kumburin ciki kamar ƙwallon mangwaro, ya ture duk abin da ke cikin kan zuwa ɗaya gefen. Duk haukan da na yi tun azahar don in ga wannan ne, ga shi na gani, na ji da ma ban gani ba. Kan Yayana ne, wanda ya goya Umma a cikin ruwa.

Na ɗauki hotunan allon da waya, saƙon ya ƙi tafiya a cikin ɗakin. Na fita da gudu babu mayafi, na tsaya a tsakiyar titi na ɗaga wayar sama, masu keke suna kauce mini suna zagi. Ya tafi. Likitan ya kira, bai ko yi sallama ba, ya ce, "Mun gani. Mun shiga." Na zauna a gefen kwata a inda nake. Alhaji ne ya fito da mayafina a hannu ya miƙo mini, ya ce direbansa zai kai ni.

Sun huda, sun zuƙe jinin. Yaya bai mutu ba. Likitan ya gaya mini daga baya cewa lokacin da ya kira ban ɗauka ba, ido na biyun ne ya fara canzawa. Na tambaye shi, da hoton ya zo tun azahar fa? Ya ce Allah ne masani, kuma kada in ƙara yi wa kaina wannan tambayar. Ina yi mata har yanzu.

Alhaji bai taɓa tayar mini da maganar ba. Da na koma aiki na tarar ba a mayar da watanda ba, an bar baƙon hoto a inda na zaunar da shi, sauran ukun suna lallaɓawa da abin da ya samu har kayan suka iso. Ranar da aka sa sabbin, na zare tsofaffin sandunan daga buhu, na ɗaure bakinsa, na sa aka kai shi gida.

Yaya ya farka, amma ɓangarensa na dama bai farka tare da shi ba. Hannun da ƙafar suna nan kamar na aro. Maganarsa ta koma 'yan kalmomi, sai ya yi ta nema kafin ya kamo ɗaya. Gonar Zabarmari wani ne yake nomawa yanzu. Ban ƙara jin injiniyar waya daga bakinsa ba, ni da na sha cewa Allah ya kawo ranar da zai daina.

Ranar da aka sallamo shi, Umma ta dafa shinkafar buhun nan da mai da yaji, yadda yake so. Umma fa mace ce da ba ta wasa da hannun hagu. Muna yara, ko ƙuli-ƙuli ka karɓa da hagu sai ka ji ludayi a bayan hannunka, Yaya ya fi kowa shan wannan dukan don shi da gangan yake yi. Ta shimfiɗa masa tabarma, muka jingina shi da bango, ta ajiye kwanon a damansa yadda ta saba tun yana yaro. Ya dubi kwanon. Ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa, na ga yana yi masa magana da ido, hannun bai motsa ba. Ya ɗago na hagun, ya tsaya da shi a sama, yana kallon Umma.

Umma ta sunkuya ta ɗauki kwanon, ta zagaya ta ajiye shi a hagunsa, ta matso masa da shi har ya taɓa gwiwarsa.

Ta ce, "Ci, ɗan nan. Yi bismillah ka ci."